Rakiyar Iyali Zuwa Tafkin Kan Dutse a Ƙasar Birnin Kudu

A wani ƙauye da ke ƙasar Birnin Kudu a Jihar Jigawa akwai wasu matasa da suka mayar da rakiyar baƙi zuwa kan dutsen garinsu sana'a. Abin da suke tallatawa shi ne tafiya mai sauƙi wadda magidanci zai iya yi da matarsa da 'ya'yansa, har ma da dattijan gidansa, zuwa wani tafki da ruwan sama yake taruwa a cikinsa can sama tsakanin duwatsu. Ba su da ofis, ba su da allon talla a bakin titi, labarinsu daga baki zuwa baki yake yawo, sai kuma hotunan da waɗanda suka je suke sakawa a WhatsApp da Facebook. Na kai iyalina a ƙarshen watan Oktoba, tare da gwaggona wadda ta haura shekara 60, kuma abin da na gani shi ne tafiyar tana da sauƙi kamar yadda suka faɗa, sai dai rabin sauƙin daga dutsen yake, rabinsa kuma daga iya aikin matasan. A bakin tafkin ne, inda ya kamata kulawarsu ta fi ko'ina tsanani, na ga ta yi sako-sako.

Wanda ya taso daga Kano zai bi ta Wudil da Takai da Kwanar Huguma har ya isa Birnin Kudu, tafiyar da ta haura kilomita 100, wanda kuma ya taso daga Dutse hanyarsa ta fi haka gajarta ƙwarai. Daga inda ake sauka daga kwalta sai a kama hanyar burji, wadda ƙaramar mota take iya bi ba tare da wahala ba a lokacin kaka, amma ramukan da ruwa ya bari a jikinta sun isa su nuna wa mutum irin halin da take shiga a watan Agusta. Ɗaya daga cikin matasan ya tarye mu a mararraba a kan babur, ya shige gaba muna binsa, bai tsaya da mu a ko'ina ba sai ƙofar gidan mai unguwa, inda muka sauka muka yi gaisuwa, aka yi mana maraba, aka nuna mana inuwar da za mu ajiye mota. Wannan tsari ya kwanta mini a rai, domin baƙon da ya hau dutsen mutane ba da sanin shugabansu ba ya jawo wa kansa zargi, idan kuma wani abu ya same shi a sama babu wanda ya san da zamansa balle a neme shi.

Maganar kuɗi ba ta ɗauke mu lokaci ba. Ba a kan kowane mutum suke yankewa ba, a kan iyali gaba ɗaya ne, kuma a gaban mai unguwa aka yi cinikin aka gama kafin a ɗaga ƙafa. Abin da muka biya, haɗe da ladan yaron da aka bari yana gadin mota, bai kai kuɗin man da muka sha a hanya ba, kuma har muka rabu babu wanda ya sake ɗago maganar ƙari ko ya yi ta shafa ƙeya yana jiran a ba shi na goro.

Inda na fara gane cewa sun san aikinsu shi ne kafin a tashi. Shugabansu, wani matashi mai natsuwa da ba ya yawan magana, ya bi ƙafafunmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce silifas ɗin da 'yata take sanye da shi ba zai yi ba, domin idan gumi ya jiƙa tafin ƙafa zamewa yake yi a kan dutse, sai da ta koma mota ta sanya takalmin makarantarta. Ya duba ruwan shan da muka riƙo ya ce a ƙara, ya raba wa manya sanduna, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, a bar Gwaggo ta shige gaba tare da ni, tafiyarta ita ce tafiyarmu, inda ta tsaya nan kowa zai tsaya." Haka kuwa aka yi tun daga ƙasa har sama. Ɗaya yana gaba da dattijuwar, ɗaya yana tsakiya yana lura da yara, na uku yana can baya ba ya barin kowa a bayansa. Wanda ya taɓa hawan dutse da samari masu jini a jika, waɗanda suke tsallake duwatsu su bar baƙo yana haki yana neman inda suka bi, zai san darajar wannan jeri.

Farkon hanyar ta cikin gonaki take ratsawa. A lokacin da muka je an riga an girbe gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran nata lokacin, ga riɗi an yanke an jingine shi a tsaye yana shan iska, kuma matasan sun gargaɗi yara kada su kauce daga turba su taka wa mutane wake. Abin da zai dami mutum a wannan yanki ƙarangiya ce kawai, wadda take maƙalewa a ƙafar wando da bakin zane, don haka mace ta zaɓi tufar da ba ta jan ƙasa. Daga gindin dutsen hanyar ba ta miƙe sama kai tsaye ba, zagaye take yi tana bin falalen dutse masu faɗi waɗanda gangarensu bai yi tsanani ba, ta yadda mutum yana tafe a tsaye ba sai ya dafa da hannu ba. Wuri guda ne kawai ya saɓa wa haka, wata matsattsiyar kafa tsakanin manyan duwatsu biyu inda dole a bi a karkace, a kuma ɗaga ƙafa a taka wani tudu da ya kai gwiwa. A nan suka karɓi jakunkuna suka miƙa wa juna, suka tsallakar da ƙananan yara a hannu, suka kuma kawar da kai suka ba matan wuri har suka wuce, ni na riƙe hannun Gwaggo. Mace mai goyo za ta bukaci ta sauke yaron a wannan wuri, kuma ya kamata a ce suna faɗin haka tun daga ƙasa. Da hutawar da muka yi a gindin wata tsamiya da tsaye-tsayen kallo, hawan bai wuce kimanin awa guda ba.

Abin da ya sa kuɗin rakiyar ya halatta a wurina ba nuna hanya ba ne kawai, domin turbar a fili take, sanin dajin ne. Yaran birni da ba su san bambancin marke da ƙirya ba sun sauko suna kiran sunayen itatuwa. An nuna musu ararrabi mai ɓawo yana saɓulewa fili-fili, da kukkuki, waɗanda dukansu itatuwan kan dutse ne da ba kasafai ake ganinsu a gona ba, an nuna musu kanya da tsada, da wani gamji da ya cusa saiwarsa cikin tsagin dutse ya yi ta buɗa shi shekara da shekaru. Sun sa mu yi shiru muka hangi agwada suna shan hantsi a bakin kogo kafin su ji motsinmu su shige, muka kuma ji kukan kazar dutse ko da yake ba ta bari mun gan ta ba. Kan maganar maciji ba su yi wasa ba. Tun a gindin dutse suka kafa wa yara doka cewa ba a zura hannu a rami ko a tsagi, ba a ɗaga dutse, ba a zama sai an duba wuri, domin irin wannan ƙasa mai duwatsu da ciyawa ita ce mazaunin kububuwa, wadda ƙanƙantarta da launinta suke sa a taka ta ba a gani ba, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi. Na tambayi shugaban abin da za su yi idan aka sari wani, ya ce ba sa tsagawa, ba sa tsotsa, ba sa ɗaure ƙafa tamau, ɗaukar mutum za su yi a sauko da shi a ɗora a babur zuwa asibiti a Birnin Kudu, inda Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya take. Wannan amsa ita ce daidai, kuma ban yi tsammanin jin ta da wannan tsabta ba.

Kusa da ƙarshen hawan akwai wani dutse da suke tsayawa su buga da ƙaramin dutse, sai ya ba da amo irin na ƙarfe, kowane gefe da muryarsa, kuma ramukan da bugu ya yi a jikinsa sun nuna cewa ba yau aka fara ba. Yara sun fi jin daɗin wannan wuri fiye da ko'ina. Sai dai a nan ne ilmin matasan ya gaza, domin da aka tambaye su tarihin abin sai labaran aljanu suka biyo baya, ɗaya ma ya ce zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu Turawa ne suka yi shi. Gaskiyar magana ta fi wannan daɗin ji. Irin waɗannan duwatsu masu amo a Birnin Kudu ne masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a 1955 ya sanar da duniyar masana, kuma zanen da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude aikin mutanen da suka zauna a wurin ne tun kafin a san da Turawa a ƙasar nan. Shanun da aka zana a jiki ba su da tozo, wato ba irin shanun da Fulani suke kiwo a yau ba ne, abin da yake nuna tsufan zanen. Wuraren suna cikin kayan tarihin ƙasa da hukumar gidajen tarihi ta tarayya take kula da su, kuma ba sa cikin wannan rakiya, amma iyalin da suka yi doguwar tafiya har suka zo ƙasar Birnin Kudu asara ce su koma ba su tsaya sun gani ba. Da matasan za su ware yini guda su je su zauna da masu kula da wuraren su ji bayani, da abin da suke ba baƙo ya ninka.

Tafkin kansa ba babba ba ne, bai fi faɗin masussuka ba, kuma wanda ya zo da tunanin zai ga wani abu mai kama da madatsar ruwa ta Tiga zai sha mamaki. Kyansa yana cikin inda yake. Wani kwarmi ne da rana da ruwa suka yi ta cin dutsen har ya zurma, kuma da yake dutse ba ya shan ruwa, duk ruwan saman da ya sauka a falalen da ke kewaye nan yake gangarowa ya kwanta. Wani ƙaton dutse ya yi masa rumfa ta gefen yamma yana rage masa zafin rana, shi ya sa yake daɗewa bayan kududdufan ƙasa sun fara ja baya. Ƙasar da ruwa ya tara a gindinsa ta isa bado ya kafa saiwa, mun kuwa tarar da shi ya buɗe fararen furanninsa, ga talibambam fal a gefe, ga tsuntsaye suna sauka suna sha suna tashi. Idan mutum ya juya baya kuma sai ya ga ƙasa ta shimfiɗu har iyakar ganinsa, gonakin dawa da kukoki da rugagen Fulani da garken shanu suna tafe suna tayar da ƙura. Matasan sun faɗi gaskiya da na tambaye su, cewa ruwan yana raguwa da shigowar hunturu, kuma kafin bazara ta yi nisa sai taɓo.

A nan ne kuma na ga abin da ya sa ba zan yaba wa aikin nan ba tare da sharaɗi ba. Muna isa sai muka tarar da yaran ƙauyen suna wanka a ciki, kuma ɗaya daga cikin 'yan rakiyar da kansa ya ce wa 'ya'yana su cire takalma su shiga, wai ruwan sama ne tsarkakakke babu abin da ya taɓa shi. Wannan kuskure ne mai haɗari ta fuska biyu. Na farko, ruwan da yake kwance, mutane suna wanka a cikinsa, ga kuma ƙananan katantanwa da muka ga ɓawonsu a bakin ruwan, ya cika sharuɗɗan da tsargiya take bukata. Mai ɗauke da cutar idan ya yi fitsari a ruwa ƙwayayenta suna ƙyanƙyashewa su shiga jikin katantanwa, su girma a can, su fito su huda fatar duk wanda ya shiga, ba sai ya sha ko kurɓi ɗaya ba. Ba a gane ruwan da ke da ita da ido, garai-garai ɗinsa ba hujja ba ne, alamarta kuma, wato jini a ƙarshen fitsari, ba ta bayyana sai bayan makonni, lokacin da iyaye sun manta da an je wani tafki. A ƙauyuka da yawa har yanzu akwai masu ɗaukar wannan jini a matsayin alamar balagar yaro namiji, alhali cuta ce da take lalata mafitsara idan ta daɗe, shi ya sa ake raba maganin praziquantel ga 'yan makaranta a yankunan da take yawa. Ban ce tafkin nan yana da ita ba, amma ɗan rakiya ba shi da hanyar sanin cewa babu, don haka ba shi da ikon cewa a shiga. Ina jin tun da aka rabu da kurkunu, wanda aka ga na ƙarshensa a Nijeriya a 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi a 2013, an sami matasan da suka tashi ba su san tsoron ruwan tafki ba, irin tsoron da iyayensu suka sani da ƙafafunsu.

Fuska ta biyu ita ce santsi. Gefe guda na tafkin gangare ne da gansakuka ta lulluɓe, kuma ya fi sauran zurfi, ta yadda yaron da ya zame a wurin ba zai sami abin kamawa ya fito ba. Babu igiya a hannun kowa, babu wanda ya ja wa yara layi ya ce kada a wuce nan, kuma mutanen da suka yi ta ƙirga mu a hanya suna isa sai suka zauna a inuwa suna duba waya kamar aiki ya ƙare. Na hana 'ya'yana shiga, suka yi ta kumbure-kumbure, na kuma kira shugaban gefe na yi masa bayani. Ya saurara da ladabi ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, mu sabo ne ya sa ba ma gani." Na yarda da shi cewa sabo ne, ba sakaci da gangan ba, amma wanda ya karɓi kuɗi ya ce a kawo masa yara ya ɗauki amanar da sabo ba ya sauke ta.

Sauran abubuwan da suka rage ƙanana ne idan aka gwada da wannan. Ba su da akwatin taimakon gaggawa, ko auduga da bandeji, don haka mai zuwa ya riƙo nasa. Babu makewayi a sama, abin da ya fi takura wa mata, kuma da za su sami wata mace daga ƙauyen tana bin tawagar da mata suka yi yawa, da magidanta da dama sun fi sakin jiki su bar iyalansu su je. Inuwar da ke bakin tafkin ba ta ɗaukar mutane da yawa, idan iyali biyu suka haɗu sai wani ya zauna a rana. Wurin salla kam ba a rasa ba, ga falale a share, sai dai a hau da ruwan alwala daga ƙasa. Na kuma yaba da yadda ƙaraminsu ya fito da buhu ya bi ya tsince ledojin ruwa, namu da na waɗanda suka riga mu, ba tare da an sa shi ba.

Lokacin zuwa yana cikin abin da yake mayar da tafiyar mai sauƙi ko mai wuya. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ne ya fi dacewa, ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, tafki yana cike, gari bai yi hazo ba. Da damina falalen santsi suke yi, kuma kan dutse ba wurin da mutum zai so hadari ya riske shi ba ne saboda tsawa. Da hunturu akwai sanyi mai daɗin tafiya, amma ƙura takan rufe hangen nesa, wanda shi ne rabin abin da aka hau nema. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a wannan yanki, kai yara kan dutse ganganci ne. Ko a lokacin kaka a fara hawa da sassafe a sauko kafin azahar, domin da rana ta take dutsen yakan ɗau zafin da ake ji ta cikin takalmi.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan sandunan suka yi amfaninsu, matasan kuma suka koma kan natsuwarsu ta farko, suna nuna wa Gwaggo inda za ta ajiye ƙafa taki bayan taki. A gindin dutse muka tarar da matan Fulani da ƙoren fura da nono, da masu dafaffiyar gyaɗa da rake, wanda ba ya cikin kuɗin rakiya amma farashinsa na ƙauye ne. Gwaggo, wadda ba ta cika yabon 'yan zamani ba, ta sa wa shugaban albarka ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya yi maka albarka, ka iya tafiya da tsofaffi."

Iyalin da suke da yara daga shekara biyar zuwa sama, da dattijon da yake iya zuwa masallacin Juma'a da ƙafarsa, za su iya wannan tafiya. Yaron da bai kai shekara biyar ba sai an saɓa shi a wasu wurare, mai ciwon gwiwa mai tsanani ko ciwon zuciya kuma ya haƙura ya jira a inuwar mai unguwa. Kafin a biya kuɗi magidanci ya faɗa wa shugaban a gaban kowa cewa babu yaron da zai sa ƙafa a ruwa, kuma mutum ɗaya zai tsaya a gefen gangaren muddin ana bakin tafkin. A kuma sanar da su tun ana gobe za a zo, a kauce wa ranar kasuwar yankin, domin a ranar baburansu duk suna kan hanya suna jigilar fasinja, kuma babur ɗin nan shi ne abin da za a ɗauki mutum a kai zuwa asibiti idan bukata ta taso.